Kuɗin Saye Daban, Kuɗin Riƙo Daban

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla. Mai lasifika, a ɗan rage ƙarar nan, tana huda kunne.

Shugabannin ƙungiya sun ce in yi magana a kan sayayya, wato yadda magidanci ko uwargida za su auna amfanin kaya da illarsa kafin su zaro kuɗi daga aljihu. Na ce musu ni fa ba ɗan kasuwa ba ne, malamin makaranta ne. Suka ce ai shi ya sa, malamin makaranta ya fi kowa sanin zafin naira, tunda tasa a ƙirge take. (dariya) Abubuwa huɗu zan taɓa: wuta, girki, sutura, sai waya. Huɗu. Wanda ya ga na zarce ya ɗaga hannu.

Amma kafin nan, Allah Ya siffanta bayinSa na gari a Suratul Furƙan, aya ta 67, da cewa idan za su ciyar ba sa almubazzaranci, ba sa kuma ƙwauro, suna tsayawa tsaka-tsaki. Ku lura, ƙwauron ma an hana. Don haka iyayena mata da ke can ɓangaren, ku kwantar da hankalinku, ban zo in zuga mazajenku su ƙara damƙe hannu ba. (dariya)

Na farko, wuta. A nan ne nake so ku riƙe magana guda, ko da ita kaɗai kuka tafi gida: kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban. Kakanninmu sun san wannan a kan doki. Sayen doki ba shi ne wahala ba, wahalar harawa ce da dawa da kanwa, kullum ta Allah. To kusan duk abin da za ka ɗauko daga kasuwa yana da cikin da za ka riƙa cikawa. Mu kuma in mun je kasuwa sai mu tsaya muna ta ja-in-ja a kan naira dubu biyu, albarka, a ƙara, albarka, ba mu taɓa tambaya: shin wannan abu me yake ci?

Ɗauki ƙaramin janareta, wannan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai. A duk hanyoyin samun wuta shi ya fi sauƙin saye. Ka ɗora shi a bayan babur, da magariba gidanka ya haskaka, maƙwabta sun san ka yi motsi. To a zauna a yi lissafi. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Ranar aka ce an cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta haura 500. Kafin ƙarshen 2024 mun saye ta sama da naira 1,000. Injin bai canza ba, shi ne dai wanda ka saya, amma abincinsa ya ninka ya sake ninkawa. A ce lita biyu kacal kake zuba masa duk dare, a ce kuma lita tana naira 900. Nawa ke nan? Kai, ɗan samari mai farar hula, kai ne ka ce kana karanta lissafi. Dubu ɗaya da ɗari takwas, daidai. A wata 54,000. A shekara 648,000. Alhaji na ga ka gyara zama. (dariya) Wallahi ba ni na ƙirƙira ba, ka je gida ka buga da kanka. Kuma ban sa baƙin mai ba, ban sa fulogi ba, ban sa bakaniken da zai wanke maka kafireta ba, ban sa igiyar da ke tsinkewa a hannunka ƙarfe tara na dare ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a biya da naira. Hayaƙin injin nan yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum ya ji tsoron ɓarawo, ya shigar da inji cikin soro ko lungun ɗaki ya rufe ƙofa, a wayi gari iyali gaba ɗaya ba wanda ya tashi. Mun sha jin wannan a rediyo. Don Allah, don Annabi, inji a waje yake kwana, inda iska ke kaɗawa, nesa da taga. In tsoron sata ne a yi masa keji da sarƙa. Na maimaita, a waje.

To sai wani ya ce, Malam, ashe sola ce mafita. Haka kowa ke faɗa yanzu, ka ɗaga kai a unguwa ka ga rufin gidaje duk faranti. Ina son sola, ba na ɓoyewa. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba layin gidan mai, rana kuwa Allah Ya hore mana ita a Arewa har ta yi yawa. Amma ita ma tana da ciki, kawai dai nata a ɓoye yake. Cikinta shi ne batir. Faranti mai kyau yana iya shekara ashirin yana aiki, batir kuwa ba ya kai ko kusa. Wannan mai ruwan, in ba ka duba ruwansa, in kana zuƙe shi har ƙasa kullum, ga zafin watan Afrilu na Kano a kansa, ba za a daɗe ba zai fara kwanciya tun kafin sha biyun dare. Na litiyam ya fi juriya nesa ba kusa ba, amma kuɗinsa sai ka zauna. Saboda haka wanda ya ce maka sola kyauta ce bayan ka saya, bai gaya maka duka ba. Ranar da aka kafa maka ita, ranar za ka fara tara kuɗin batir na gaba, ko da adashi ne.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ne ke kashe ta. An haɗa maka ta fanka uku da ƙwai shida da talabijin, sai ka fita kasuwa, uwargida ta jona dutsen guga, yaro ya jona hita. Hajiya kina dariya, kin san zancen. (dariya) Duk abin da ke yin zafi, wuta yake sha ba kaɗan ba. Sannan lokacin hunturu ƙura ta lulluɓe farantin, ba mai hawa ya goge, sai a ce mai haɗawa ya cuce mu. Wani lokacin kuma da gaske ya cuce ka ɗin, ya sa siririyar waya inda ya kamata a sa mai kauri, ya kawo tsohon batir da aka wanke aka sake wa takarda. Shi ya sa neman mai haɗawa na gari ya fi neman ragi. Tambayi gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya yi wa jiya ba. Na jiya kowa yabo yake yi.

Wanne ya fi, ke nan? Ya danganta da kai. Mai walda ko mai injin niƙa, ƙaramar sola ba za ta ɗauke shi ba. Mai gidan haya da ba shi da tabbas ɗin zama, ya yi tunani kafin ya huda rufin wani. Wanda yake layin da ake kira Band A, wato layin waɗanda aka fi ba wuta, tun da aka kai musu kuɗin wuta naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, lissafinsa daban ne da na wanda ke ganin wuta sau biyu a mako. Amma wanda buƙatarsa fanka ce da haske da cajin waya, kuma kullum yana kunna inji, to kuɗin solar yana nan yana ƙona shi lita-lita bai sani ba.

Na uku... a'a, na biyu ne? Na biyu. Mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Girki. Gas ya fi sauri da tsabta, ya fi sauƙi ga idon mai girki da ƙirjinta, sai dai yana ƙarewa ba sallama, tuwo na kan wuta. Gawayi ana samun na ɗari biyu, na ɗari uku, shi ya sa ake ganin kamar ya fi araha, amma tara na wata guda ki gani. A duba robar tukunyar gas da kumfar sabulu, ba da ashana ba. Kurfoti kuma kar a kai shi ɗaki a rufe don jin ɗumi, gubarsa ɗaya da ta inji.

Sutura, a taƙaice. Araha ba ta ado. Atamfar da za ta zuba a wankin farko, kuɗin ɗinkinta ɗaya da na mai kyau, tela ba ya ragi don yadinki na banza ne. In kin shiga Kantin Kwari ki tambaya kai tsaye, tana zuba ko ba ta zuba? 'Yan kasuwa da ke nan, ku kuma ku faɗi gaskiya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Hadisin yana cikin Muslim. Na biyar... na huɗu, waya, in ka je Farm Centre sayen ta hannu, ka karɓi rasit, don kar wata rana a zo... Na'am, Baba? A miƙa masa abin magana.

Baba yana tambaya, ga wanda bai ji ba: sayen hatsi da kaka a ajiye, riba ce ko asara, kuma bai shiga ɓoye abinci da addini ya hana ba?

Allah Ya ƙara girma, Baba, wannan ta fi zancen waya muhimmanci. Ɓangaren hukunci ga Liman nan zaune, shi zai cika, amma abin da na karanta a wurin malamai shi ne, wanda ya sayi abincin gidansa ya ajiye ba shi ake nufi ba. Wanda ake nufi shi ne mai kwashe abin da ke kasuwa lokacin ƙunci ya kulle, yana jiran mutane su galabaita. Ta fuskar lissafi kuwa, a al'ada buhu a Dawanau da kaka ya fi awon kwano-kwano da damina sauƙi. Amma ba kullum ba. Waɗanda suka tara masara a kakar 2024 suna jiran ta tashi, a 2025 farashi ya yi ƙasa, da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Mai ajiyar ci bai yi asara ba, ya ci abinsa. Mai ajiyar riba, musamman da kuɗin bashi, shi ya kwana ciki.

Sannan buhu yana da nasa kuɗin riƙon. Ƙwari, ɓera, danshi. Wake musamman, in ba a kula ba kafin wata uku ya zama gari. Kar a zuba masa fiya-fiya ko Sniper, Baba, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai, guba ce za ka dafa wa jikokinka. A nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ko jarka ko duro mai murfi da iska ba ta shiga. Hatsin ya bushe sosai tukuna, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako kar ya taɓa ƙasa ko bango. Kuma in an ɗaure kar a riƙa buɗewa ana ɗiba, don da iska ta shiga ƙwarin sun farfaɗo. A ware na ci na wata guda a wani mazubi daban. Akwai kuma abin da littafi bai faɗa ba: gidan da aka ga buhu a jingine, hannun mai awo yakan yi nauyi, maƙwabta ma sukan ji labari. (dariya) Wannan kuma sai ka shirya da Hajiya, ni ba ruwana.

Na ga hannu a can ɓangaren mata. Mai gabatarwa, a ba ta ko minti ɗaya ne kafin a kira salla.