Takardun Alhaji Malik da Kuɗin Hayar Sito

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, Malam Liman, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, da ku yaran da ke can baya kuna latse-latsen waya, barkanmu da wannan zama. An ba ni minti goma, kuma na ga iyaye mata sun fara jera kuloli, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Mutum nawa ne a ɗakin nan ke biyan hayar sito duk wata? Ina nufin irin ɗakunan ajiyar nan masu ƙofar ƙarfe da muke jibge kayan da gida ya kasa ɗauka. Ku ɗaga hannu. To, madalla, ni ma ga nawa. Kun san dokarsu: in ka yi wata biyu ko uku ba ka biya ba, sai su aiko takarda, in ka yi shiru su yanke kwaɗon su yi gwanjon abin da ke ciki, ba ruwansu da ko mene ne. A irin wannan sito ne takardun Malcolm X suka kusa salwanta.

Ba sai na gabatar muku da shi ba, tunda da yawanmu kan titin da ke ɗauke da sunansa a Harlem muke sayen kayan miya. Amma saboda yara: wannan bawan Allah ya yi rayuwarsa yana faɗa da wulaƙancin da ake yi wa baƙar fata a ƙasar nan ta Amurka. Ya sauke farali a watan Afrilun 1964, ya koma amsa sunan Alhaji Malik El-Shabazz. Daga Makka ya rubuto gida cewa ya ci abinci a kwano ɗaya da mutane masu shuɗin ido da farar fata, kuma abin ya sa shi sake tunani a kan wasu maganganun da ya daɗe yana yi. Bayan Hajji ya biyo ta wajenmu. A watan Mayu ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan, ɗalibai Musulmi suka laƙaba masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida da Yarabanci, daga nan ya wuce Gana ya gana da Nkrumah. A duk tafiyar nan yana riƙe da ƙananan littattafai yana rubuta abin da ya gani da wanda ya haɗu da shi, da hannunsa, kusan kowace rana.

Ran 14 ga Fabrairun 1965 aka jefa wa gidansa wuta a Queens, yana ciki da iyalinsa. Bayan mako guda, ran 21, aka harbe shi yana shirin fara jawabi a zauren Audubon, nan Manhattan. Wani malami ɗan Sudan, Shehu Ahmed Hassoun, shi ya yi masa wanka. Allah ya jiƙansa.

Mai ɗakinsa, Betty Shabazz, ta riƙe takardunsa sama da shekara talatin tana rainon 'ya'ya mata shida, har ta rasu a 1997. Bayan rasuwarta kayan suka bi hannu zuwa wani sito a jihar Florida. Kuɗin haya ya taru ba a biya ba. Masu sito suka yi abin da suka saba, wani mutum ya saye kayan a kan 'yan ɗaruruwan daloli. Da ya buɗe kwalaye sai ga wasiƙu, ga rubutun jawabai, ga hotuna, ga littattafan tafiyar Makka da Afirka. Ya kwashe ya kai wa wani kamfanin gwanjo mai suna Butterfields a San Francisco, wanda a lokacin mallakar eBay ne, kamfanin nan na saye da sayarwa ta intanet. A farkon 2002 aka yi shelar za a sayar da su kashi-kashi ga duk wanda ya fi tayi.

Ku duba abin da kashi-kashi ke nufi. Wannan attajiri ya sayi wasiƙa ya kulle a gidansa, wancan ya sayi littafi ɗaya daga cikin na tafiya, amsar wasiƙar kuma tana hannun wani a wata ƙasa. Ko da ba a ƙona ko shafi ɗaya ba, an raba hanta da jini, mai bincike ba zai ƙara iya jera su ya gane me ya biyo bayan me ba. Masana tarihi suka yi ca, iyalin suka ɗauki lauya, aka dakatar da gwanjon. A 2003 'ya'yansa suka damƙa kayan ajiya ga Cibiyar Schomburg, wani ɗakin karatu da ke adana tarihin baƙar fata, na tsawon shekara 75. Mallaka tana hannun iyali, kulawa tana hannun cibiyar, kowa kuma na iya zuwa ya nemi karantawa. Cibiyar tana kan mahaɗar titi na 135 da titin Malcolm X, ƙofar tashar jirgin ƙasa. Na tabbata akwai direbobin tasi a nan da suka wuce ta sau dubu ba su taɓa leƙawa ba. Ni kaina sai da na shekara takwas a garin nan kafin na shiga, kuma ruwan sama ne ya kora ni.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai an riga an san tarihin mutumin. An sani, amma daga bakin wa? Hukumar FBI ta buɗe masa fayil tun 1953, ta tara dubban shafuka a kansa, kuma su ba sa mantawa da biyan hayar sito. Da nasa rubutun ya watse, da abin da masu bibiyarsa suka rubuta shi zai fi yawa a hannun jikokinmu. In kuna son ku ga nauyin takarda, ku tuna 2021, lokacin da kotu ta wanke mutum biyu da aka ɗaure kan kisansa, Muhammad Aziz da Khalil Islam, bayan an gano cewa FBI da 'yan sandan New York sun ɓoye bayanan da za su iya kuɓutar da su. Kowannensu ya yi shekara ashirin ko fiye a kurkuku, kuma Khalil Islam ya rasu tun 2009, bai ji hukuncin ba.

Ba Malcolm kaɗai ba ne. Rosa Parks, matar da ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba wani farar fata a Montgomery a 1955, ita ma da ta rasu a 2005 kayanta sun yi shekaru a ɗakin ajiya ana shari'ar gado, sai a 2014 wata gidauniya ta saye su kan dala miliyan huɗu da rabi ta miƙa wa ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka.

To abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In mutanen da duniya ta sani kayansu sun shiga wannan hali, ina ga namu?

Wasunku sun tuna dattijon nan namu da ya rasu shekarun baya, Allah ya gafarta masa. Ba zan ambaci suna ba. Lokacin da 'yan sanda suka harbe Amadou Diallo, ɗan Gini, a ƙofar gidansa a Bronx a watan Fabrairun 1999, harsashi 41, dattijon nan yana cikin waɗanda suka ajiye sana'arsu suka fita zanga-zanga. Yana da wata jakar fata da yake tara komai: takardun kiran taro, yankakkun shafukan jarida, hotunan da ya ɗauka da ƙaramar kyamara, da wani littafin makaranta da ya rubuta sunayen waɗanda suka ba da gudummawa, rabi da boko rabi da ajami. Na ga jakar da idona, ya buɗe mini ita a kan tabarmar sallarsa. Da ya rasu duk hankalinmu ya tafi kan tara kuɗin kai gawa gida, kuma daidai ne. Muka yi sadakar uku, muka watse. Da na tuna da jakar bayan wata guda, mai gidan ya riga ya share ɗakin ya sa wani ɗan haya. Laifin nan har da ni, don ni na san da ita.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiya ta naɗa mutum uku, a sa mace a ciki, a sa matashi ɗaya da ya iya kwamfuta. Duk mai wani abu na wancan lokaci, ko na wata gwagwarmaya da muka shiga a nan, ya kawo a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa. Kafin nan ku ciro su daga ɗakin ƙarƙashin gini, danshi ya fi gara ɓarna. A cire ƙarafunan maƙala takarda, tsatsa suke yi, kyauron ɗaure kuɗi kuma narkewa yake ya manne. Don Allah kada a kai laminatin. Na san mu da son laminatin, har katin ɗaurin aure ba mu bari ba, amma zafi da gam ɗin suna lalata takarda, kuma in an manne ba a ɓarewa. Hoto kuma a juya bayansa a rubuta da fensir: wane ne, a ina, wace shekara. Iyayenmu da suka san fuskokin nan suna zaune a layin gaba, a tambaye su tun suna nan.

Masu hayar sito, ku rubuta lambar ɗakin da sunan wurin ku ba iyali, ku ba wani amintacce guda a ƙungiya.

Asabar ta ƙarshen wata, in Allah ya kai mu, zan kai yara Schomburg bayan azahar. Shiga kyauta ne. Wanda ke son ɗansa ya je ya ba sakatare suna kafin a tashi, kuma ina neman mota biyu.

Shugaba, na ci minti uku a kan nawa, a yafe mini. Wassalamu alaikum.