Baƙon Suna a Takardar Gwajin Jinin Jariri Mai Ciwon Hanji

Assalamu alaikum. Likitoci, malaman jinya da 'yan'uwanmu na ɗakin gwaje-gwaje, sannunku da zuwa. Maganarmu ta yau a kan takarda ɗaya take: an ɗebi jinin jariri mai matsalar hanji, an kai gwaji, sakamako ya dawo da sunan ƙwayar cutar da ba mu saba gani ba. Abin da aka fi yi shi ne a ce ai datti ne ya shiga kwalba, a ajiye takardar a gefe. Ga babban mutum mai ƙoshin lafiya, sau da yawa hakan ne. Amma ga jaririn da hanjinsa ya samu rauni, wannan hukuncin na iya zama ajalinsa.

Me ya raba bakteriyar da ke cikin hanji da jinin jariri? Shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, sai majinar da ta lulluɓe ta, sai garkuwar da yake samu a dakashi da nonon uwa. A jikin bakwaini duka ukun ba su ƙosa ba. To ina ga an samu ruɓewar hanji, wadda muke rubutawa NEC, da ta fi kama jariran da ba su kai giram 1,500 ba? Ko cutar Hirschsprung, da ake samu a kusan haihuwa ɗaya cikin 5,000, inda ƙarshen babban hanji ba shi da jijiyoyin da ke tura kashi, sai ya taru a sama, hanji ya kumbura? Ko wanda aka haifa hanjinsa a waje? Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne wanda aka yanke wa hanji a tiyata, saura ya zama gajere. In an haɗa da murfin da ke tsakanin ƙaramin hanji da babba, bakteriyar ƙasa sai su hauro sama su yi yawa. Ga shi kuma abincinsa ta jijiya yake shiga, ta robar da ta kai kusa da zuciya. Ƙwaya ta ɓulla ta bangon hanji, jini ya ɗauke ta, ta tarar da roba ta manne, ta gina wa kanta wani yauƙi da magani ba ya ratsa shi sosai.

Ku riƙe sunan Leuconostoc. A kan ganye da cikin abinci mai tsami take zaune, mai lafiya ba ruwansa da ita. Amma an sha samun ta a jinin jarirai masu gajeren hanji da ke ɗauke da robar babbar jijiya. Ga inda tarkon yake. A ƙarƙashin madubi tana fitowa ƙananan dunƙule bibbiyu ko jere kamar sarƙa, tana riƙe launin Giram, wato rinin da ake bambance bakteriya da shi, sai a ɗauka Streptococcus ce ko Enterococcus. Likita ya ji haka, ya ga jariri da roba, sai ya rubuta maganin kashe ƙwayoyi bankomaisin. Ita kuwa bankomaisin ba ya taɓa ta, kuma ba koyon jurewa ta yi ba, haka halittarta take. Maganin yana kama wani ƙarshen sarƙa ne a bangon ƙwaya, mai suna D-Ala-D-Ala. Nata bangon da D-Ala-D-Lac ya ƙare, sai ƙarfin kamun ya ragu kusan sau 1,000. Haka Pediococcus da Weissella suke, haka yawancin dangin Lactobacillus. Maganinsu shi ne tsohon da muka raina, fenisilin ko amfisilin, da awo mai yawa.

Ku na ɗakin gwaji, ko babu na'urar tantance ƙwayoyi ta MALDI-TOF kuna iya kamo ta. Ku ɗora faifan bankomaisin mai maikirogiram 30. In ƙwayar ta tsiro har jikin faifan, kuma gwajin katales bai yi kumfa ba, kada ku tsaya. Ku yi gwajin PYR: Enterococcus na amsawa, Leuconostoc ba ta amsawa, kuma tana fitar da iska daga gulukos. Pediococcus kuwa hurhuɗu take jeruwa, ba ta fitar da iskar. Sannan ku ɗaga waya ku gaya wa likita a lokacin, ba sai takarda ta zaga ba.

Wannan ya kawo mu ga furobayotik, wato bakteriya masu rai da ake ba jariri da gangan. Gaskiya ne gwaje-gwaje da dama sun nuna suna rage ruɓewar hanji a bakwaini. Gaskiya ne kuma an samu Lactobacillus rhamnosus ɗin da aka ba jariri mai gajeren hanji ta baki, ta fito a jininsa. A watan Satumba na 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi, bayan rasuwar wani bakwaini da bai kai giram 1,000 ba, wanda aka samu Bifidobacterium longum ɗin da aka ba shi a cikin jininsa. A ganina, hanjin da ke cikin kumburi ko wanda aka gama yi wa tiyata ba wurin zuba ƙwaya mai rai ba ne. Inda aka yanke shawarar bayarwa, a buɗe ƙunshin nesa da roba, a canja safar hannu kafin a taɓa bakin robar.

Bacillus cereus kuma akasin Leuconostoc ce. Ita ma ana yawan kiran ta datti. Ƙwanta, wato busasshen irin da take ɓuya a ciki, na jure zafin da ake dumama nonon ajiya da shi, digiri 62.5 na minti 30. Fenisilin da danginsa ba sa yi mata komai, bankomaisin ne maganinta. Kun ga ke nan, launi iri ɗaya a madubi, magani hannun riga.

Sai Cronobacter sakazakii, da a baya ake kira Enterobacter sakazakii. Madarar gari ba a tsarkake ta daga ƙwayoyi gaba ɗaya ba, kuma wannan ƙwaya na iya daɗewa a busasshen gari har kusan shekara biyu. A kanta aka janye madara mai yawa daga kasuwa a Amurka a 2022. Tana ɓata hanji, tana shiga jini, amma abin tsoronta sanƙarau ne da ƙurji a ƙwaƙwalwa, don haka duk jaririn da aka same ta a jininsa sai an ɗebi ruwan ƙashin baya, an kuma ɗauki hoton kai. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: a tafasa ruwa, kada a bar shi ya wuce minti 30 yana hucewa, a dama garin da ruwan bai sauko ƙasa da digiri 70 ba, a sanyaya da sauri. Abin da ya kai awa 2 ba a shanye ba a zubar. In firji ne, digiri 5 ko ƙasa, kada ya wuce awa 24. Inda ake da madarar ruwa da aka tsarkake, ita ta fi dacewa da bakwaini idan nonon uwa bai samu ba.

Akwai kuma 'yan famfo da bututu, Stenotrophomonas maltophilia da Elizabethkingia. Su maganin merofenem ba ya kashe su, hasali ma daɗewa a kansa ke share musu fili. Seftirin da ake ba manya don Stenotrophomonas yana ture bilirubin, sinadarin da ke kawo shawara, daga furotin ɗin jini, ga jariri mai shawara kuwa hakan na iya taɓa ƙwaƙwalwa, saboda haka ba a rubuta shi sai an yi shawara da masana.

Kada ku jira zazzaɓi, sau da yawa ba ya zuwa. Ku duba ɗaukewar numfashi, saukar bugun zuciya, sanyin jiki, hawan suga haka kawai, ciki ya ɗaure, kore ya fito ta robar hanci, ko ƙwayoyin daskarar da jini su faɗo ƙasa da 100,000. A ɗebi jini kafin allurar farko, kuma aƙalla mililita 1 a kwalba, domin ɗigo biyu-uku kan dawo da "babu komai" alhali akwai. Ɗaya ta roba, ɗaya ta wata jijiyar daban. In ta robar ta riga tsirowa da awa 2 ko fiye, robar ce gidan ƙwayar, sai a yi maganar cire ta. In akwai zargin ruɓewa ko hujewar hanji, a nemi gwajin ƙwayoyin da ba sa son iska, don dangin Clostridium ba za su fito a kwalbar da aka saba ba.

Wani ya tambaya daga baya, in robar ce kaɗai hanyar abincinsa fa? Ana iya gwada ceto ta, amma da sharaɗi: a maimaita gwajin jini kowane awa 24 zuwa 48. In ƙwayar na nan bayan awa 72 a kan maganin da ya dace da ita, ko jariri na ƙara yin ƙasa, a cire. Kwanakin magani kuma daga ranar da gwaji ya fara dawowa fes ake ƙirga su, ba daga ranar allurar farko ba.