Gaba da Gabanta: Ƙwayar da ke Cinye Ƙwayar Cuta a Hanjin Dabba

(An kwafo wannan lacca daga faifan murya. Wani likitan dabbobi ne ya gabatar da ita ga masu kiwon kaji da makiyaya a Kaduna, mun kuma bar ta yadda ya faɗe ta.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Shugaban taro ya ba ni minti talatin, na ce masa Allah ya sa. (Dariya.) Abubuwa uku na zo da su: mene ne wannan fej da kuka gani a takardar gayyata, wato ƙwayar da ke cinye ƙwayar cuta, yadda aka gwada shi a kan dabbobi, da abin da ya hana ku samun sa a shagon magani.

Amma tukuna. Wanda bai taɓa fasa kafson nan mai ja da rawaya ya zuba wa kajinsa a ruwa ba, ya ɗaga hannu. Babu ko ɗaya? Hajiya, ke ma? (Dariya.) Ai na sani. 'Yan tsaki su fara farin kashi, ko maraƙi ya fara zawo, sai tetarasaikilin. In bai yi ba a koma tailosin, in bai yi ba a haɗa uku a garwa ɗaya. Da can kwana biyu ya isa, yau sai ku zo ku ce mini, Likita, maganin yanzu jabu ne. Wani jabun ne, ban musa ba. Amma sau da yawa maganin na gaske ne, ƙwayar cutar ce ta saba da shi, ta daina jin sa. Kuma abin bai tsaya a kejin kaji ba. An ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa shan kashi. Tarayyar Turai tun 2006 ta haramta zuba irin waɗannan magunguna a abincin dabba don kawai ta yi ƙiba.

To, na farko. Bahaushe ya ce gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Ita ma bakteriyar da ke kashe muku kaji, irin su Salmonela da Ikolai, tana da nata dodon. Sunansa bakteriyofej, mu ce fej, ma'anarsa maci-bakteriya. Bairos ne, amma ba ruwansa da kaza, ba ruwansa da saniya, ba ruwansa da ɗan Adam. Yana da kai, yana da jela, wani ma har da 'yan ƙafafu kamar gizo-gizo. Sai ya sauka a jikin bakteriya, ya yi mata allurar ƙwayar halittarsa, ita kuma ta bar nata aikin ta koma ƙera masa 'ya'ya. Cikin kamar rabin awa sai ta fashe, 'ya'ya kusan ɗari su fito, kowanne ya nufi wata. Ku lissafa da kanku. Duk maganin da kuka sani, da ya shiga jiki raguwa yake yi. Wannan haihuwa yake yi, muddin akwai cutar. Cutar ta ƙare, shi ma abincinsa ya ƙare, ya fita da kashi.

Bari in ba ku labarin mutumin da ya raɗa masa suna, don ina son labarin nan, ɗalibaina har sun gaji da ji. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Twort, ya fara ganin alamarsa a 1915. Sai a 1917 Félix d'Hérelle, a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris, ya gano shi a bayan gidan masu atuni da suka fara samun sauƙi. Shi d'Hérelle, wanda ya raɗa sunan, ko digirin likita bai fara da shi ba, da kansa ya koyar da kansa, har yaƙi da fara ya taɓa yi a Meziko da ƙwayar cuta. A 1919 taifot ɗin kaji ya barke a ƙauyukan Faransa. Taifot ɗin kaji fa, wannan dai da ke sa kaza ta yi laƙwas, zankonta ya koɗe, kashinta ya yi ruwan ɗorawa. Mutumin nan ya lura wasu kajin na warkewa da kansu. Ya kwashi kashinsu, ya tace, ya ciro fej, ya ba sauran. Mutuwar ta ragu. Maganin kashi daga kashi! (Dariya.) Alhaji kana dariya, wallahi haka aka yi. Ku riƙe wannan: kafin a ba ɗan Adam fej, kaza aka fara ba. Da zai gwada a kan yara masu atuni a shekarar, sai da ya kurɓa da kansa tukuna, don a ga ba guba ba ne. Yau likita nawa zai... to, a bar maganar.

Me ya sa aka manta da shi? Fenisilin. Da ya wadata a shekarun 1940, Turai da Amurka suka ce ga mai sauƙi, kwalba ɗaya ta kashe cuta goma. Tarayyar Sobiyet ce ba ta saki ba. A Tbilisi ta ƙasar Jojiya akwai Cibiyar Eliava, tun 1923, har gobe suna ba marasa lafiya fej.

Na uku... na ce na biyu? Malam na gode, na biyu. A shekarun 1980 wasu masu bincike a Ingila, Williams Smith da Huggins, suka sa wa maruƙa da 'yan tumaki da 'yan aladu zawon Ikolai da gangan, sannan suka ba su fej. Waɗanda aka ba da wuri suka tashi. Har shimfiɗar ɗakin maruƙan suka fesa wa fej, ya kare su. Sun kuma ga cewa tsamin ciki na kashe fej kafin ya isa hanji, sai sun haɗa da alli.

Ga inda gizo ke saƙar. Fej ɗan tsirfa ne, kamar makulli da kwaɗo. Wanda ke cin Salmonelar gonarka a Mando, ba lalle ya taɓa ta maƙwabcinka a Rigachikun ba. Alheri ne, don ba ya taɓa bakteriya masu amfani da ke hanji, waɗanda kafsonku ke kashewa gaba ɗaya. Wahala ce kuma, don dole a san wace ƙwaya ce, a kai kashin ɗakin gwaji, a haɗa fej kala-kala a kwalba ɗaya. Bakteriya ma takan bijire masa, sai dai shi ma rikiɗa yake yi ya bi ta. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tun 1924, muna da likitocin dabbobi a ABU Zariya, ga cibiyar binciken kiwo ta Shika nan kusa, abin da ake nema kuwa yana cikin kwatocinmu da Kogin Kaduna, kyauta. Sauran batun rajista da NAFDAC da sanyaya shi ba tare da wuta ba, lokaci ya... Na ga hannu. Baba, bismillah.

(Wani dattijo makiyayi: Likita, tunda ka ce abin yana cikin kwata, kuma kanwa na kashe tsami, in na ɗebo ruwan na jiƙa kanwa na ɗura wa maraƙi fa?)

(Dariya.) A'a, kada ku yi dariya, Baba ya fi ku bin karatun. Baba, don Allah kada ka yi. Ruwan kwata akwai fej, gaskiya ne, amma akwai uwar cutar a ciki, sai an tace da matacin da ko bakteriya ba ta wucewa, an kuma zaɓi wanda ya dace. Sannan ba kowane zawo ne na bakteriya ba. Na tsutsar ciki daban, kashin jinin kaji daban, akwai na bairos, duk fej ba ya taɓa su. Maraƙinka kwana nawa da haihuwa? Biyar? Ya sha dakashi ranar farko, ko an tatse uwar? To ka ji. Dakashin nan a awannin farko shi ne garkuwarsa. Yanzu abin da zai kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne, ka ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, kada kuma ka raba shi da nono. Idonsa ya faɗa? Yana iya tsayuwa? Ka jira ni a bakin ƙofa in mun tashi. Shugaba na ga kana nuna mini agogo, na ukun sai wani jiƙon.