Amsoshin Tambayoyinku: Mai Korar Tsuntsu Yana Son Rubuta Littafi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙarmu ta farko daga wani saurayi ce a yankin Auyo. Ya ce yana son rubuta littafi amma ba shi da abin faɗa, don bai taɓa zama a birni ba. Aikinsa korar tsuntsu ne a gonar shinkafar mahaifinsa, tun asuba har magariba. Tambayarsa: ko sai ya je Kano ya ga duniya tukuna?

To ƙanena, dakata da tafiyar. Littattafan da aka cika da falo da manyan motoci sun ishe mu, wanda ya san jan-baki, tsuntsun nan mai ɓarnar shinkafa, ciki da waje ne muke nema. Kai ka san da sassafe garken ke sauka, ya sake dawowa in rana ta yi sanyi. Ka san sun fi ɓarna lokacin da ƙwayar shinkafa ba ta yi tauri ba. Ka san igiyar nan da ake ratayawa gwangwanaye da leda, da yadda murya ke dashewa kafin azahar. Ka san kuma a cikin ciyawar kacalla suke kwana, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya har ta hana masunta sakat. Ɗan birni sai ya yi tambaya kafin ya rubuta layi guda a kan wannan.

Kuma kada ka ce ba abin da ke faruwa. Tsuntsun da ka kora daga gonarku, a gonar wa ya sauka? Ai ta maƙwabcinku, wanda wataƙila 'yarsa kake nema. Wane yaro ne aka hana zuwa makaranta saboda gadin gona, kuma me uwarsa ta ce? Ranar da aka ji ƙishin-ƙishin jirgin feshi zai zo bai zo ba, wa ya fara zagi? Ka riƙa ajiye maganganun mutane yadda suka fito daga bakinsu, ko a takarda ko ka naɗa a waya. Kada ka gyara musu Hausa, ta Haɗejiyar muke so.

Ta biyu daga wata baiwar Allah ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Aurenta ya mutu bayan ta sha wuya a hannun kishiya da uwar miji. Tana son ta rubuta labarinta, amma tana tsoron in ta rubuta ya zama tonon asiri.

'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Ba ke ce farau ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana ƙaramar yarinya, auren bai ɗore ba, daga baya a 1990 ta fitar da littafinta Wa Zai Auri Jahila? Amma tsoronki yana kan hanya, domin gari ƙarami kowa ya san kowa, ga kuma haramcin giba. Ki sauya suna, ki sauya gari, ki sauya sana'ar mijin da yawan 'ya'yan. Abin da ya fi wuya shi ne ki bar kishiyar ta faɗi nata uzurin a cikin labarin, don in kika mai da ita shaiɗaniya zalla, mai karatu zai gane huce haushi kike yi. In kin ga hannunki ya ƙi rubuta mata uzuri ko ɗaya, ki ajiye littafin zuwa baɗi.

Wasiƙa ta uku a kan rubutacciyar waƙa take, za mu karanta ta bayan tallace-tallace.