Haɗa kwamfutar gem da za ta jure wutar Abuja

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Nan Manchesta ƙarfe huɗu da rabi ne na yamma amma gari ya riga ya yi duhu, shi ya sa kuka ga fitila a kan tebur. Kayan nan da ke gabana duk Abuja za su tafi, can za a haɗa su, can kuma za su yi aiki. Masu turo tambaya daga Kubwa da Gwarinpa da Lugbe, kusan bakinku ɗaya: wane katin girafik zan saya? Wato sashen kwamfuta da ke zana hoton wasa a allo. Za mu zo kansa. Sai dai jerin kayan da kuke kwafowa a YouTube an tsara shi ne don ɗakin da wuta ba ta ƙiftawa, sanyi kuma ya wadata. Kai kuwa kana da zafin watan Maris, kana da ƙurar hunturu, ga wutar da ke tafiya ba sallama. Da waɗannan ukun za mu auna kowane abu a teburin nan.

Monita ce ke yanke maka hukunci tun kafin ka taɓa aljihu. Idan 1080p ce, ɗigon hoton da kati zai zana a kowane firem, wato hoto guda na wasan, miliyan 2 ne da 'yan kai. Idan 1440p ce, sun kusa miliyan 3.7, wato aikin ya kusa ninkawa. Mai buga EA FC da Fortnite da GTA V, monita mai inci 24, 1080p, 144Hz ko 165Hz, wato yawan sabunta hoto a daƙiƙa guda, ta ishe shi har da ragi. Kada ka sayi babban allo sannan ka zo kana neman katin da kuɗinka ba su kai ba.

To ga katin girafik, shi ne ke cin kaso mafi girma na kuɗin, a ganina kamar kashi 40 cikin 100. Wannan da na ɗaga RTX 4060 ne, mai ƙwaƙwalwa 8GB, kuma abin da ya sa na zaɓe shi lamba ɗaya ce: wat 115 yake ja. RX 7600, wanda ƙarfinsu ya yi kusa, yana jan 165. Tsohon RTX 3060 mai 12GB yana jan 170. Idan ka haura zuwa 1440p, RTX 4070 mai 12GB yana kan 200, RX 7800 XT mai 16GB kuma 263. Wanda ke nan Ingila ba ya ko kallon waɗannan lambobin. Kai da ke kan inbata dole ka kalla.

Bari mu yi lissafin a fili. Batir ɗaya mai 12V da 200Ah yana ɗauke da 2400Wh a rubuce, wato wat 2400 na tsawon sa'a guda. Idan kana son ya yi maka shekaru, rabi kawai za ka riƙa sha, saura 1200. Inbata ma tana cin nata, a ce abin da ya iso soket 1000 ne. Kwamfuta mai RTX 4060 tare da monitarta tana jan kamar wat 300 in wasa ya yi zafi, ka samu sa'a 3 da ɗan ƙari. Sa RX 7800 XT a gurbinsa, jimilla ta doshi 450, ka dawo sa'a 2. Ban sa fankar ɗaki da fitila da firji a lissafin ba. Kuma duk wat ɗin da kwamfuta ta sha, zafi yake komawa a cikin ɗakinka. Ba cewa na yi babban kati ba shi da kyau ba. Mai sola wadatacciya da na'urar sanyaya ɗaki ya sayi abinsa. Aibin 8GB kuma gaskiya ne: a sababbin wasanni masu nauyi, musamman a 1440p, ƙwaƙwalwar katin tana cika, sai hoto ya riƙa sarƙewa. Maganinsa a 1080p shi ne ka sauko da ingancin zanen jikin abubuwa daga mataki na ƙoli zuwa na ƙasa da shi, da wuya idonka ya ga bambanci.

Masu sayen na hannu, ko a Banex da ke Wuse 2 ko a wurin wani a intanet, ku saurara. Tun da Ethereum ya daina amfani da katin girafik wajen haƙo kuɗin kirifto a watan Satumba na 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Ba duka ne suka lalace ba, amma kada ka biya sai an jona a gabanka. A buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, a ga suna da girman ƙwaƙwalwa sun yi daidai da abin da aka faɗa, don akwai katunan da ake sauya wa suna a ciki. A kunna FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki, na minti 15 zuwa 20. Ka ga ɗige-ɗige masu launi ko layuka a allo, ko allon ya ɗauke ya dawo, ko fanka ɗaya ta ƙi juyawa, ka yi godiya ka ƙara gaba. Mai kayan da ya ce ba wuta a shago, ka ce ka ji, ka dawo ranar da akwai.

Furosesa, wato sashen da ke yi wa kwamfuta lissafi, ba ya buƙatar dogon surutu. Wannan Ryzen 5 7600 ne, cibiya 6, ajin wat 65, kuma yana zuwa da fankarsa a kwali. Soket ɗinsa, wato mazauninsa a kan madabod, babban faifan da komai ke haɗuwa a kai, AM5 ne, wanda ya fito a 2022, RAM ɗinsa kuma, wato ƙwaƙwalwar aiki ta ɗan lokaci, DDR5 kaɗai. In aljihu ya yi ƙasa, Ryzen 5 5600 a kan AM4 da madabod B550 da DDR4 har yanzu yana riƙe RTX 4060 lafiya lau, sai dai hanyar ƙarin girma ta kusa ƙarewa a wannan soket. A ɓangaren Intel, i5-12400F a kan soket LGA1700 shi ne takwaransa. Harafin F ɗin nan yana nufin ba shi da girafik na ciki, haka ma 5600 ba shi da shi. Ranar da katinka ya samu matsala, allo baƙi ƙirin za ka gani, ba ka da abin gwadawa. Shi 7600 yana da ɗan ƙarami a ciki, bai isa wasa ba amma ya isa ka gane inda ciwon yake. Ryzen 7 7800X3D kuwa yana cikin sarakunan wasa, amma ɗora shi a kan kati irin wannan kamar sa wa jaki sirdin hawan daba ne.

Madabod B650 ne, ƙirar mATX, wato matsakaicin girma. Kafin ka biya, shiga shafin kamfanin ka duba jerin furosesan da yake karɓa, ka kuma nemi mai maɓallin sabunta BIOS, wato manhajar saiti ta cikin madabod, ta filashi ba tare da furosesa ba. Madabod ɗin LGA1700 akwai na DDR4 akwai na DDR5, ba sa shiga ramin juna, a nan mutane da yawa ke asarar kuɗin mota. Ku matso ku ga cikin soket ɗin nan. A AM5 alluran suna jikin madabod ne, siraran gaske, a AM4 kuma suna jikin furosesa. Ka daidaita alamar kusurwa uku da ke gefe, ka ajiye shi a hankali ya zauna da kansa. Ba a dannawa. Allura ɗaya ta lanƙwashe, ramin RAM guda zai iya mutuwa.

RAM sanda biyu ake saya, ba ɗaya ba. 16GB biyu, jimilla 32, DDR5-6000. In kuɗi bai kai ba, 8GB biyu. A madabod mai rami huɗu, na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sa su. Bayan an kunna sai ka shiga BIOS ka kunna saitin gudun RAM, wato EXPO, ko XMP in Intel ne, in ba haka ba abin da ka saya a 6000 zai zauna a 4800 ko kusa da haka. Kunnawar farko a AM5 tana iya ɗaukar minti ɗaya ko fiye allo bai nuna komai ba, yana gwada RAM ne, kada ka zare waya. Ma'ajiya kuma SSD ce ta NVMe, 1TB. 500GB wasa uku manya sun cinye ta. In madabod yana da murfin ƙarfe na SSD, ɓare ledar da ke ƙarƙashinsa kafin ka ɗaure.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta. Shi ne abin da ake bari sai ƙarshe a saya da canjin da ya rage, shi ne kuma in ya ƙone yake iya tafiya da kati da madabod. Wannan wat 650 ne, 80 Plus Gold, wato shaidar ba ya yawan ɓarnar wuta, daga kamfanin da aka sani. Wanda ake ba ka kyauta a cikin kes, wato akwatin kwamfutar, mara nauyi kamar gwangwanin madara, an rubuta 500W a jikinsa, ajiye shi gefe. Karanta takardar da ke manne a jiki: ka nemi mai karɓar 100 zuwa 240V. Wutarmu 230V ce a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda take raguwa da daddare in unguwa ta kunna komai. Mai faɗin zango zai ci gaba da aiki, mai 200 zuwa 240 kaɗai zai riƙa kashe kansa. Wayoyin da ke cirewa daga jikinsa kuma kada ka taɓa haɗa su da na wani kamfani, bakin yana shiga amma tsarin wutar ciki ya bambanta, SSD na iya ƙonewa nan take. In katinka mai sabon baki ne na allura 16, tura shi har ya yi ƙas, babu giɓi, don rashin shiga sosai na daga cikin abin da ke narkar da shi.

UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ba ado ba ne, cikin kuɗin haɗi yake. Lambar VA ba wat ba ce. Mai 650VA bai kai wat 400 ba, kuma ɗan batirinsa ba zai riƙe ka ba in wuta ta tafi kana tsakiyar wasa. Nemi 1500VA, wanda yake ba da kamar wat 900, mai daidaita ƙarfin wuta a ciki. Irin igiyar wutar da yake fitarwa, wato siffar hawa da saukar wutar, ba waya ba, ma tana da muhimmanci. Fawa saflai na zamani ya fi son tsantsar igiya mai santsi irin ta layin gwamnati. UPS ko inbata mai araha da ke fitar da igiya mai tsani-tsani na iya sa shi ƙugi, ko ya mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta, wato daidai lokacin da ka sayi UPS ɗin dominsa. Ƙaramin janareta kuma kada ka jona kwamfuta kai tsaye, kuma ka kashe ta kafin mai ya ƙare, lokacin da injin ke shaƙewa ne wutar ke hawa da sauka. Damina ta zo da tsawa, zare filogi da wayar intanet gaba ɗaya.

Kes ban saya a nan ba, nauyi ne da cin wuri a jaka. Shi da UPS da monita a Abuja za a saya. Nemi mai raga a gaba, ba gilashi rufe ruf ba, mai matatar ƙura da ake cirewa. Fanka biyu ko uku a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. In mai shigowa ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun shiga ta ramukan da ba su da matata. Auna tsawon kati da milimita ka gwada da abin da kes ya rubuta. Kada ka ajiye shi a ƙasa kan kafet, ɗora shi kan tebur. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka wanke matata duk mako biyu, ka hure ciki da bulowa, amma riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Ryzen 7000, wato dangin 7600 ɗin nan, an yi shi ya kai digiri 95 kafin ya rage gudu, to ganin 80 a watan Afrilu ba abin tashin hankali ba ne. In kullum yana manne da 95, sauya fankar kwali da mai hasumiya, ɗigon man sanyaya kamar ƙwayar wake a tsakiyar furosesa. Mutanen Jos, ku dai Allah Ya hutar da ku rabin wannan magana.

Mai aiko da kaya daga waje, kowane abu ya tafi a kwalinsa. Kada a haɗa kwamfuta a saka ta a jirgi da kati a maƙale, girgiza tana tsage ramin da yake zaune. Gwada komai a kan tebur kafin a tafi da shi, don mayar da kaya daga Abuja zuwa shagon Turai wahala ce. Filogin Ingila mai ƙafa uku daidai yake da namu. Na Amurka ko Jamus sai ka sauya wayar, ana samunta ko'ina.

In an gama haɗawa, wayar monita a jikin kati ake sa ta, can ƙasa, ba a ramin madabod na sama ba. Windows 11 yana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro ne, a BIOS na AMD sunansa fTPM, a na Intel PTT. Sannan ka shiga saitin allo ka ɗaga shi daga 60Hz zuwa 144 ko 165 da hannunka, don sau da yawa ba ya hawa da kansa.