Kek Mai Hawa Biyu, da Yadda Ake Ceto Kirim Idan Ya Ƙi

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi kwanonin nan guda biyu. Kirim ɗin shafa wa kek da ke cikin na farko ya tsinke, ya zama ruwa-ruwa, ko a bayan cokali ba ya tsayawa. Na biyu kuwa ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta lalace. Da yawa idan suka ga haka sai su zubar, su ɗora wa bota laifi. Alhali bota ɗaya aka sa musu, sukari ɗaya, awo ɗaya. Bambancin kawai shi ne na farko ya yi ɗumi da yawa, na biyu ya yi sanyi da yawa, kuma dukansu suna gyaruwa cikin ƙasa da rabin awa. Za mu dawo kansu. Amma kirim ba ya zama daram a kan kek ɗin da bai gasu daidai ba, don haka bari mu fara daga tushe.

Awon da za mu yi amfani da shi na gwangwani biyu ne masu faɗin santimita 20. Bota giram 225, sukari giram 300, manyan ƙwai 4, fulawa giram 340, bekin foda babban cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, madara mililita 240, sai filebon banila ƙaramin cokali 2. Idan da hali ku auna da sikeli. Kofi ɗaya na fulawa yana iya zama giram 120, yana iya kaiwa 150, ya danganta da yadda aka danna ta. Wannan ratar kaɗai ta isa ta mayar da kek mai laushi ya koma busasshe mai maƙale maƙogwaro. Bekin fodar ma ku gwada ta idan ta daɗe a buɗe: ku zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi. Idan ta yi kumfa nan take, da ƙarfinta. Idan ta kwanta shiru, ta mutu, a nemo sabuwa.

Yanzu ga botar. Ku danna ta da yatsa kamar haka. Yatsan ya shiga ya bar gurbi, amma botar ba ta ƙyalli, ba ta maiƙo a hannu, kuma har yanzu da ɗan sanyinta. Wannan shi ne digiri 18 zuwa 20 a ma'aunin Celsius, kuma shi ake nema. Dalili shi ne, idan ana buga bota da sukari, ƙwayoyin sukarin ne suke yanka botar suna buɗe ƙananan ramukan iska. Bekin foda ba ta ƙirƙirar sababbin ramuka, waɗanda ta tarar take hurawa su kumbura. Bota mai tauri ba ta yankuwa, wadda ta narke kuma ba ta riƙe iska. Ku buga su da na'urar kwaɓi minti 4 zuwa 5 a matsakaicin gudu, har launin ya koɗe daga rawaya ya koma kusan fari, yawan kuma ya ƙaru.

Ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowane a ba shi kamar daƙiƙa 30 ya shige kafin a fasa na gaba. Idan daga firji kuka ɗauko su, ku jiƙa su a ruwan ɗumi minti 10 tukuna, don ƙwai mai sanyi yana daskarar da botar, sai kwaɓin ya rabu. Idan ya rabu ɗin, ku zuba babban cokali ɗaya daga fulawar da kuka auna, zai haɗe.

A tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri tare. A zuba kashi uku, madarar kashi biyu a tsakaninsu, a fara da fulawa a ƙare da fulawa. Da zarar farin gari ya ɓace, ku kashe na'ura, ku ƙarasa da ludayin roba kuna kankaro gindin kwano. Yawan juyi bayan fulawa ta jiƙa yana tayar da danƙonta, sai kek ya yi tauri, a yanka a ga dogayen ramuka a ciki.

Ku shafa wa gwangwanayen bota, ku shimfiɗa takardar gasa kek a gindi, sannan ku raba kwaɓin a kan sikeli don hawa biyun su zo daidai. Oben ya riga ya ɗauki zafin digiri 175, ko 160 idan mai fanka ne. Tsakiyar oben, minti 28 zuwa 33. Kada a buɗe ƙofa kafin minti 20, don a lokacin tsakiyar kek ɗin kumfa ce kawai, iska mai sanyi na shiga take faɗawa. Alamar ya gasu: gefe ya ɗan janye daga jikin gwangwani, sama yana dawowa idan an taɓa, tsinke ya fito da ɗan ɓurɓushi amma babu ɗanyen kwaɓi. Idan tsakiya ta yi tozo ta tsage, oben ɗin ya fi zafin da yake nunawa, gefe ya riga ya kama alhali tsakiya na ci gaba da tashi. A gaba ku rage digiri 10. Idan kuma tsakiya ta lotsa, ko dai bai gasu ba, ko bekin foda ta yi yawa.

Minti 10 zuwa 15 a cikin gwangwani, sannan a kife a kan raga ya huce sarai. Sarai ɗin nan da gaske ne. Bota tana narkewa a wajen digiri 32 zuwa 35, kuma kek ɗin da ya yi sanyi a waje yana iya riƙe fiye da haka a cikinsa. Mafi kyau a naɗe shi a leda a sa a firji awa ɗaya, ko ma ya kwana. Kek mai sanyi ba ya marmashewa a ƙarƙashin wuƙa.

To, mun zo kan kirim. Iri biyu za mu duba, don matsalolinsu sun ɗan bambanta.

Na farko shi ne mai sauƙi, na bota da garin sukarin aisin. Bota giram 300, garin sukari giram 550, madara babban cokali 2 zuwa 3, filebo, da ɗan gishiri. Gishirin nan kada a raina shi, shi ke karya zaƙin. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zuba sukari tun botar ba ta bugu ba. Ku buga botar ita kaɗai minti 5, har ta yi fari. Sannan sukarin da aka tankaɗe, kashi uku, a gudu mafi ƙanƙanta don kada ya tashi ya bule kicin. Madarar daga ƙarshe, kaɗan-kaɗan.

Idan kun ɗanɗana kuka ji shi kamar yashi-yashi, sukarin bai samu ruwan da zai narke a ciki ba, domin sukari ba ya narkewa a mai, sai a ruwa. Ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na madara, bugun minti 3, a bar shi ya huta rabin awa, sai a sake bugawa. Amma idan sukarin shayi aka niƙa a gida bai yi laushi ba, gaskiya wannan yashin ba ya fita duka. Idan ya yi tauri har yana yago fatar kek, shi ma madara ce maganinsa, ƙaramin cokali ɗaya a lokaci guda.

Idan ya saki fa? A nan ne ya kamata ku tsaya ku tambayi kanku abin da ya sakar da shi kafin ku taɓa komai. Idan madara ce ta zarce, ƙarin sukari babban cokali biyu-biyu zai ɗaure shi. Amma idan yana ƙyalli, yana maiƙo, gefen kwano na nuna alamar narkewa, to zafi ne, kuma sukari ba ya maganin zafi. Za ku yi ta zubawa har ya gagari ci, bai kuma tsaya ba. Firji minti 15, sannan a sake bugawa. Inda yanayi ke da zafi sosai, ana maye gurbin kashi ɗaya cikin uku na botar da farin daskararren man girki da ake kira shortening, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 40. Ɗanɗanon yana ɗan raguwa, amma adon yana tsayawa. Majarin mai laushi na cikin roba kuwa ruwansa ya yi yawa, bai dace da wannan aikin ba.

Iri na biyu shi ne na farin ƙwai, wanda ya fi santsi kuma bai kai na farko zaƙi ba. Farin ƙwai 5, wato kimanin giram 150, sukari na yau da kullum giram 250, bota giram 340. Kwano da mabugi su kasance ba ɗigon maiƙo, ko ɗan gwaiduwa ya faɗa ciki kumfar ba za ta tashi ba. A ɗora kwanon a kan tukunyar ruwa mai tururi, gindinsa bai taɓa ruwan ba, ana juyawa har ya kai digiri 71. Ku murza kaɗan tsakanin yatsu biyu, idan ba ku ji ƙwayar sukari ba, ya yi. A sauke a buga minti 8 zuwa 10, har kumfar ta tsaya tana sheƙi, kuma jikin kwano ya daina ɗumi. Sai bota, gutsure-gutsure.

Ga kwanoninmu na farkon bidiyo. Bota kusan kashi 80 cikin 100 mai ce, mafi yawan ragowar ruwa ne. Kirim ɗin nan kuwa sulhu ne tsakanin mai da ruwa, kuma sulhun ba ya ɗorewa sai a wajen digiri 21 zuwa 24. Wannan mai gudajin ya yi ƙasa da haka: man ya daskare ya ƙi haɗuwa, ruwan ya fito gefe. Ku kalli abin da za mu yi. Mun ɗebi ludayi ɗaya, mun ɗumama shi har ya narke amma bai yi zafi ba, muna zuba shi a siririn zare na'ura na juyawa. Minti biyu na farko kamar ma ƙara lalacewa yake, kada ku tsaya. Ku saurari sautin: daga cakal-cakal na ruwa zai koma wani sauti mai kauri, kirim na marin jikin kwano. Kun gani, gudajin ya ɓace. Shi kuwa mai ruwan, an sa masa bota ne tun kumfar na da ɗumi. Ya yi minti 20 a firji, gefensa ya fara kamawa, tsakiya na nan da laushi. Bugun minti 4, ga shi ya tsaya a bakin mabugi. Kada a manta da shi a firji har ya daskare duka, sai ya koma ciwon kwano na biyu.

Kafin shafawa, kowane irin kirim ne, ku cire mabugin waya ku sa mai faɗi, ku bar shi a gudu mafi ƙanƙanta minti 5, ko ku yi ta danna shi a jikin kwano da ludayin roba. Wannan ke fitar da kumfar iskar da ke barin ƙananan ramuka a jikin kek. Batun kala kuma, mai kauri ta fi ta ruwa, a ɗauko ta da bakin tsinke. Launi yana ƙara duhu bayan 'yan awoyi, musamman ja da baƙi, don haka ku tsaya kafin ku kai inda kuke so.

Sai haɗawa. A yanke tozon kowane kek da doguwar wuƙa mai haƙora, wuƙar a kwance, kek ɗin ake juyawa. Ɗan kirim a tsakiyar faranti don ya riƙe hawan farko. A shafa kirim mai kaurin kusan santimita ɗaya, a ɗora hawa na biyu a kife, gindinsa a sama, don nan ne ya fi miƙewa. Idan abin da za a sa a tsakiya mai laushi ne, kamar jam, a fara zagaye bakin kek da katangar kirim mai ɗan tauri, a zuba jam ɗin a ciki bai kai tsayin katangar ba. Rashin wannan katangar shi ke sa hawa ya zame, ko a ga wani zobe ya kumburo a kwankwason kek bayan an gama ado. Ku danna saman a hankali da tafin hannu, duk abin da zai fito ya fito yanzu.

Shafin farko siriri ne, har ana hango kek ta cikinsa. Aikinsa kama ɓurɓushi kawai. Kirim ɗin da kuka kankaro a wannan zagayen kada ya koma babban kwano, ku ware masa ƙaramin kwano. Firji minti 20 zuwa 30, har ku taɓa bai manne a yatsa ba. Sannan shafi na biyu mai kauri: a lafta fiye da yadda ake buƙata, a tsayar da makankari a miƙe a jikin kek, a ɗan karkata shi, a juya farantin zagaye ɗaya ba tare da tsayawa ba. Inda ya bar rami a cike, a sake zagayawa. A zagayen ƙarshe ku tsoma makankarin ƙarfe a ruwan zafi, ku goge shi ya bushe ƙaf, ɗumin zai narkar da fatar sama kaɗan ya bar ta sumul. Kirim ɗin da ya tudu a baki kuma a jawo shi daga waje zuwa tsakiya, ana goge wuƙa bayan kowane ja.

Saura gumi. Idan aka fito da kek mai sanyi cikin iska mai ɗumi da laima, raɓa takan sauka a jikinsa, kala ta fara zuba. Kada a goge, gogewa ke ɓata shi. Ku ajiye shi a firji cikin kwali, ku fito da shi da kwalin a rufe, ya yi awa ɗaya zuwa biyu a haka, raɓar sai ta sauka a jikin kwali. Wannan jiran kuma shi ke ba botar da ke cikin kek da kirim damar sakewa, don kek ɗin bota mai sanyi a baki kamar busasshe yake. Wajen yanka, wuƙar ta sha ruwan zafi, a goge ta, a sake tsomawa kafin kowane yanki.