Kamfanin ya durƙushe, ina zan samo takardun horona?

Ummi: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau tambaya muka samu daga wani matuƙin jirgin sama a Amurka, ya samu sabon aiki amma kamfanin da ya baro ya durƙushe, ofis a kulle, waya ba mai ɗauka, su kuma sababbin sun ce sai sun ga takardun horonsa. Kyaftin, ina zai dosa?

Kyaftin: Toh Ummi, da farko dai ya kwantar da hankalinsa, bashi kaɗai bane. A 2020 kamfanonin jiragen sama na Trans States da Compass suka rufe, ExpressJet ma ta bi su a 2022, kuma matuƙansu sun samu aiki a wasu wurare. A 1996 aka yi dokar da ake kira PRIA, ita ta ce kamfani ba zai ɗora ka a jirgi ba sai ya nemi bayananka na shekara 5 daga inda ka yi aiki.

Abba: Toh ai nan ne matsalar ranka ya daɗe, wa za a tambaya tunda babu kamfanin?

Kyaftin: Yauwa. Yanzu FAA, hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama a Amurka, tana da rumbun bayanan matuƙa a intanet mai suna PRD, kamfanoni na zuba komai a ciki, horo, jarabawar tuƙi, wadda ka ci da wadda ka faɗi, har yadda kuka rabu. Daga Satumban 2024 shi ake bi gaba ɗaya. Mai tambayar ya shiga da kansa ya duba me ke ciki tukunna, don sai da izininsa sabon kamfanin zai iya gani, kuma in ya ga kuskure yana da damar ya nemi a gyara.

Ummi: In kuma sun rushe kafin su zuba fa?

Kyaftin: Sai ya nemo wanda kotu ta damƙa wa kayan kamfanin bayan karayar arzikin, sau da yawa takardun na hannunsa, sunansa kuma na cikin takardun shari'ar. Sannan cibiyar da suka yi horon similato, wato na'urar da ke kwaikwayon tuƙin jirgi, in ta wani kamfani daban ce tana iya riƙe nata kwafin, ƙungiyar matuƙa ma ya tuntuɓe su don sukan san inda akwatunan suka tafi. Kuma dokar ta bar ƙofa, in kamfanin babu shi kwata-kwata, mai ɗaukar aiki ya nuna a rubuce ya yi iya ƙoƙarinsa bai samu ba, zai iya ɗaukarka. Saboda haka duk imel da wasiƙar da ya tura ya adana, da kwanan wata.

Abba: Ni fa abin da nake tunani, wani zai ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, in ya taɓa faɗuwa jarabawa shikenan ta bi kamfanin...

Kyaftin: A'a Abba, wallahi wannan tunanin ne ke tayar min da hankali. Ka tuna jirgin kamfanin Colgan da ya faɗo kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, mutum 50 suka rasu, daga baya aka gano kyaftin ɗin ya sha faɗuwa jarabawa kuma kamfanin bai san da dukkansu ba, iyalan mamatan ne suka dinga sintiri majalisa har aka yi dokar 2010 da ta ce a gina rumbun nan. Kafin a gama ginawa jirgin kaya na Atlas ya faɗi a Texas a 2019, mutum 3, nan ma mataimakin matuƙin bai bayyana matsalolin horonsa na baya ba. Rayukan mutane ne fa a bayanka. Faɗuwa ɗaya bata hana aiki in ka faɗa da bakinka ka yi bayanin abin da ka gyara, amma in suka gano ka ɓoye, kora ce.

Ummi: Allah Ya jiƙan rai. Waɗanda kamfaninsu ke nan da ransa fa, Kyaftin?

Kyaftin: Su nemi kwafin fayil ɗinsu tun yanzu, duk horon da aka gama a karɓi takarda a ɗauke ta hoto, logbuk kuma, wato littafin da matuƙi ke rubuta awannin tuƙinsa, kar a bar shi a hannun kamfani kawai. Shi mai tambayar, ya rubuta wa ofishin FAA na Oklahoma City su turo masa fayil ɗin lasisinsa, ya haɗa da logbuk ɗinsa da takardun albashi ya tafi intabiyu da su.

Ummi: Madalla, mun gode Kyaftin. Ɗan'uwa in ka ji mu, ka turo mana yadda ta kaya.